Ido Ba Mudu Ba Ne

A ƙasar Gumel, kamar sauran ƙasar Hausa, mamaci ba ya jiran kowa. Wanda ya cika da asuba a Sule Tankarkar, kafin rana ta take an yi masa wanka, an sa shi a likkafani, an sallace shi, an kai shi makwancinsa. Wanda ya cika bayan isha'i a Gagarawa zai kwana ɗaya ne kawai a kan tabarma, shi ma saboda duhu. Addini ne ya ce a gaggauta, zafin ƙasar kuma bai bar wa kowa damar yin musu ba. Cikin wannan gaggawa ba a cika tsayawa tambayar ƙarfe nawa rai ya fita ba, domin galibi amsar tana bakin wani: matar da ke yi masa fifita, ɗan da ke laƙƙana masa kalmar shahada, ko maƙwabcin da ya ji an fasa kuka yana cikin alwala. Idan aka ce "bayan kiran assalatu" ko "ana fitowa daga la'asar", ya wadatar.

Amma akwai mutuwar da ba ta da mai shaida. Tsohon da ke kwana shi kaɗai a shago, sai da aka ga kwana biyu bai fito masallaci ba aka ɓalle ƙofa. Makiyayin da aka tsinta a gindin aduwa, shanunsa sun watse. Motar 'yan kasuwa da ta kife cikin dare tsakanin Maigatari da Gumel ranar Alhamis, ba a kai gare ta ba sai da gari ya waye. Ɗakin ƙasa da ya rufta a kan iyali cikin ruwan watan Agusta. A irin waɗannan wurare tambayar "yaushe?" ba ta da mai amsawa, alhali haƙƙoƙin masu rai sun rataya a kanta.

Takaba ita ce mafi sauƙi. Wata huɗu da kwana goma ana ƙirga su ne daga ranar da miji ya rasu, ba daga ranar da labari ya iso ba, kuma idan aka yi kokwanton kwana ɗaya ko biyu, mace ta ƙara su babu wanda ya cutu. Gado ne mai nauyi.

A ɗauka wani dattijo yana da 'ya'ya maza biyu. Shi da babban suka tafi kasuwar Maigatari sayar da dabbobi, a hanyar dawowa Allah Ya karɓi ransu a mota ɗaya. Babban ya bar ƙananan yara. A ce bayan an biya bashi an fitar da tumunin takaba, shanu arba'in suka rage a dukiyar dattijon. Idan uban ne ya riga cikawa, ko da da numfashi ɗaya ne, to babban ɗan ya gaji shanu ashirin yana kwance a bakin titi, kuma waɗannan ashirin ɗin za su gangara ga nasa magadan, wato 'ya'yansa da matarsa da mahaifiyarsa. Idan kuwa ɗan ne ya riga, baffan yaran da ke raye ya katange su, arba'in ɗin duka nasa ne, marayu ba su da ko ɗan maraƙi a dukiyar kakansu. Tsakanin shanu ashirin da hannu rabbana, minti ɗaya ne, kuma babu wanda ya ga wannan mintin.

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan matsala, har suna kiran babinta da gadon waɗanda ruwa ya ci da waɗanda gini ya danne. Imamu Malik ya kawo ta a Muwaɗɗa, a sashen rabon gado, inda ya kafa hujja da abin da aka yi bayan Yaƙin Raƙumi da Siffin da Harra da Ƙudaid: 'yan'uwan da suka faɗi a fagen fama ɗaya ba a gadar da wani daga wani ba, sai wanda aka tabbatar an kashe shi kafin ɗan'uwansa. Dalilin a bayyane yake. Sharaɗin gado shi ne a tabbatar magaji yana da rai bayan mai dukiya ya mutu, kuma haƙƙi ba ya tabbata da shakka. Saboda haka sai a raba dukiyar kowane mamaci ga magadansa masu rai, kamar ɗayan bai taɓa zama magaji ba. Hanafawa da Shafi'awa sun tafi a kan haka, Hambalawa suka saɓa. Kotunan shari'a na ƙasarmu kuwa mazhabar Malikiyya suke bi. A misalinmu ke nan, baffa ya kwashe arba'in.

Wasu ƙasashen sun kasa haƙuri da wannan giɓi, sai suka cike shi da ƙiyasi. Dokar dukiya ta Ingila ta 1925 ta ce idan aka rasa sanin wanda ya riga, a ɗauka babba ne ya fara mutuwa, ƙarami ya biyo baya. Dokar Faransa ta zamanin Napoleon ta fi haka zurfafawa, tana duba shekaru da jinsi don ta zaɓi wanda ake zaton ya fi jure wa wuya. Faransawa sun yi kusan shekara ɗari biyu a kan haka, sai a 2001 suka soke shi, suka koma cewa kowane mamaci a raba dukiyarsa ba tare da an sa ɗayan ba, ko da yake sun bar wa jikoki ƙofa su tsaya a matsayin mahaifinsu. Abin da ya bambanta matsayin Malik da na Ingila shi ne, shi ya yarda a rubuta "ba a sani ba" a matsayin amsa, a gina hukunci a kanta, su kuwa sun gwammace su ƙirƙiro sani.

To yanzu ga wani mai shaida da likitocin binciken gawa suka zo da shi, wanda Malik bai riska ba. Shi ne idon mamacin kansa.

Ƙwayar ido ba ƙofa ba ce kawai. Bayan baƙin da muke gani akwai ɗaki cike da wani ruwa mai kauri, garai-garai kamar farin ƙwai, wanda bai kai cikin cokalin shayi ba. Kusan dukkansa ruwa ne, sai ɗan gishiri iri-iri. Ɗaya daga cikinsu shi ne fotasiyam, sinadarin da kowane manomi ya sani ko da bai san sunansa ba, domin shi ne harafin K da ke jikin buhun takin NPK, kuma shi ne ƙarfin ruwan toka. A jikin mai rai, fotasiyam yana tattare ne a cikin ƙwayoyin halitta, kaɗan ne a wajensu. Ba haka kawai yake zama a ciki ba. Akwai wasu ƙananan famfuna a bangon kowace ƙwaya da ke tura shi ciki dare da rana, waɗanda wani masani ɗan Danmak, Jens Christian Skou, ya gano a 1957. Famfunan nan da kuzarin numfashi suke aiki. Da zarar zuciya ta tsaya sai su mutu, fotasiyam ya fara tsiyayowa daga tantanin bayan ido zuwa cikin wannan ruwa, sannu a hankali, kamar randa mai tsaguwa tana jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashinta. Gwargwadon daɗewar mutuwa, gwargwadon yawan abin da ya tsiyaye. Wanda ya auna yawansa, yana iya lissafa awannin da suka shige.

Me ya sa ido, ba jini ba? Jini yana lalacewa nan da nan, ƙwayoyinsa su farfashe, ƙwayoyin cuta daga hanji su mamaye shi. Ido kuwa yana cikin kogon ƙashi, a rufe, nesa da ciki, shi ya sa ruɓa ba ta saurin kai masa. Tun farkon shekarun 1960 aka fara wannan bincike. William Sturner, wani likita a Amurka, ya fitar da ƙa'idar lissafinsa a 1963. John Coe ya biyo baya da nasa gwaje-gwajen a Minnesota, sannan Burkhard Madea na Jamus ya fito da wata ƙa'idar a 1989. (Wannan daban yake da tsohon zancen nan cewa hoton mai kisa yana zama a idon wanda ya kashe. Wani Bajamushe, Wilhelm Kühne, ya taɓa fito da inuwar taga daga idon zomo a shekarun 1870, 'yan sandan Turai suka ɗauki zancen da zafi na wani lokaci, amma babu ɓarawon da aka taɓa kamawa da shi.)

Ga mutumin arewacin Jigawa, akwai dalilin da ya sa wannan hanya ta cancanci a saurare ta. Babbar hanyar da likitocin Turai suka fi dogara da ita a yinin farko ita ce sanyin gawa. Jikin mai rai yana kan maki 37, idan ya mutu sai ya riƙa hucewa har ya daidaita da iskar wurin, kuma Claus Henssge ya tsara jadawalin da ake karanta awanni daga wannan hucewa. To yaya gawa za ta huce a Maigatari cikin watan Afrilu, lokacin da iskar kanta ta haura maki 40? Wannan agogo a wurinmu yakan tsaya cak tsawon bazara. Sandarewar gaɓoɓi ma zafi yana gaggauta zuwanta da tafiyarta. Sai ya zama ido yana cikin 'yan shaidun da suka rage.

Kafin a kai ga amfaninsa, akwai abin da zuciya take ƙi, kuma bai kamata a raina shi ba. Bahaushe ba ya son a taɓa masa gawa. Sau da yawa idan haɗari ya auku, abin da dangi suke roƙon 'yan sanda shi ne a ba su mamacinsu su rufe, sun yafe bincike. Suna da madogara. Abu Dawuda ya ruwaito hadisi daga Nana A'isha da ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya na mai rai. Ido kuma yana da wani matsayi na daban, domin shi ne abu na farko da ake yi wa mamaci hidima da shi: Muslim ya ruwaito yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shiga wurin Abu Salama bayan ya cika, ya rufe masa idanu da hannunsa. Yanzu a ce idon da aka shafa aka rufe cikin tausayi, wani ya zo ya buɗe shi da allura?

Sai a dubi abin da ake yi a zahiri. Siririyar allura ce ake sawa ta gefen farin ido, a zuƙo abin da bai kai rabin cokalin shayi ba, a mayar da ruwa madadinsa don ƙwayar ta koma yadda take, a rufe fatar. Ba a yanka, ba a ɗinki, mai wanka ba zai ga alama ba, kuma ana gamawa kafin masu haƙan kabari su dawo. Idan aka kwatanta da abin da malamai suka riga suka halatta, wannan ƙarami ne. Muhtasar na Shehu Halil, wanda a kansa alƙalanmu suka yi karatu, ya yarda a tsaga cikin mamaci don a fito da dukiya mai yawa da ya haɗiye. Majalisar manyan malaman Saudiyya a 1976, da majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka a 1987, duk sun halatta buɗe gawa don binciken laifi. Ma'aunin da suka bi ɗaya ne: alfarmar mamaci tabbatacciya ce, amma idan haƙƙin mai rai ya rataya a kanta, ana ɗaukar ƙaramar cuta don kauce wa babba. Wanda ya yarda a tsaga ciki saboda zinariya, da wuya ya hana ɗigon ruwa saboda wuyan mutum.

Wani zai ce lokacin mutuwa gaibu ne, kuma ƙarshen Suratu Luƙman ya ambaci inda rai zai mutu cikin abubuwan da Allah Ya keɓe wa kansa saninsu. Wannan magana a kan abin da bai zo ba take. Abin da ya riga ya auku ya bar sawu, karanta sawu kuwa tsohuwar sana'a ce. Mai bin sawun raƙumi a yashin kan iyaka yana duba gefen tafin ya ce wannan na jiya ne, iska ta fara cinye shi. Dillali a karar Maigatari yana buɗe bakin sa ya ƙirga haƙora ya faɗi shekarunsa, ba wanda ya taɓa ce masa boka. Fiƙihu ya san irin wannan shaida da sunan ƙarina, asalinta kuma rigar Annabi Yusuf da aka duba ta ina ta yage. Ibn Farhun, alƙalin Madina Bamalike, ya yi dogon bayani a kan hukunci da alamomi a littafinsa Tabsiratul Hukkam. A ganina ke nan, allurar ba ta da laifi. Damuwata tana wani wuri dabam, a kan abin da za a sa idon ya faɗa bayan an tambaye shi.

Mu koma wurin dillalin. Yakan ce san nan ya kai shekara huɗu, ko ya doshi biyar. Ba zai ce an haife shi ranar Talata ba, in kuwa ya faɗa, kowa ya san ƙarya yake yi. Agogon ido ma haka yake. A ɗauka an auna ruwan idon wata gawa aka sami milimol 10 na fotasiyam a kowace lita. Ƙa'idar Sturner ta ce a ninka da 7.14 a cire 39.1, amsa ta fito awa 32 da ɗoriya. Ƙa'idar Madea ta ce a ninka da 5.26 a cire 30.9, amsa ta fito kusan awa 22. Ido ɗaya, awo ɗaya, malamai biyu, tazarar awa goma. Kuma ko a cikin ƙa'ida ɗaya, Madea da kansa ya nuna cewa idan ana son amsar da za a amince da ita, sai an bar sarari na kimanin awa ashirin gaba da baya, fiye da haka ma idan mamacin ya yi jinya mai tsawo ko ƙodarsa ta lalace. Zafin wuri yana ƙara saurin tsiyayar. Idon yaro ya fi na tsoho sauri, kamar yadda wani bincike da aka yi a Suwidin a kan gawa 462 ya nuna a 2015. Hatta idon dama da na hagu na mutum ɗaya sukan ba da awo mabambanta, kuma wannan bambanci yana iya fin abin da awa guda ke ƙarawa.

Hausawa sun riga sun faɗa: ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Kimar ce yake da ita. Yana iya bambance mutuwar daren jiya da ta kwana uku. Ba zai iya bambance ƙarfe biyu da ƙarfe uku ba, ballantana numfashin uba da na ɗansa a cikin mota ɗaya. Tambayar marayun nan, wadda ta fi kowace ciwo, ita ce daidai tambayar da ido ba zai amsa ba, yau ko gobe.

A nan jarrabawar take. Ka sa kanka a matsayin likitan da kawun yaran ya zo wa, da hawaye, yana cewa baffansu mutum ne mai riƙo, ba zai ba su komai ba. An auna, idon dattijo ya nuna 7.4, na ɗansa 7.1. A kan takarda, uban ya riga da awa ɗaya da rabi ko biyu. Likitan ya san wannan bambanci bai fi hayaniyar na'ura ba. Amma idan ya rubuta lambobin kawai, ya buga hatimi, bai ƙara komai ba, bai yi ƙarya ko ɗaya ba, kuma marayu za su sami rabo daga shanu ashirin. Alƙalin da zai karanta takardar ya san Risala da Tuhfa, bai san milimol ba. Lamba mai ɗigo a tsakiya tana da kwarjinin da bakin tsohuwa mai cewa "na ji kamar yaron ya yi nishi" ba shi da shi, alhali wataƙila tsohuwar ta fi ta kusa da gaskiya.

Ina ganin likitan da ya yi haka ya yi zalunci, duk da kyawun niyyarsa. Na farko, baffan ma mai haƙƙi ne, kuma ba a karɓe dukiyar mutum da zato don an ga fuskarsa ba ta da fara'a. Na biyu, ƙofar da aka buɗe wa maraya yau, gobe mai kuɗi ne zai bi ta cikinta, kuma shi ya fi sanin hanyar ofis. Idan lamba ta zama abin da ake lanƙwasawa saboda tausayi, za a lanƙwasa ta saboda abin da bai kai tausayi ba. Na uku shi ne wanda ya fi damuna. Hukuncin Malik ya tsaya ne a kan gaskiyar cewa wani lokaci ba a sani ba. Takardar da ta ɓoye faɗin shakkarta ta sace wa alƙali wannan amsa, ta mayar da shi alƙalin Ingila ba tare da ya sani ba, yana hukunci da ƙiyasi yana zaton yaƙini ne. Gara ma na Ingila, shi ya san ƙiyasi yake yi.

Wannan bai share wa marayu hawaye ba, kuma bai kamata a yi kamar ya share ba. Hukuncin yana da ɗaci a wannan gaɓa. Sai dai maganin ɗacin yana wurin da aka ajiye shi tun asali. Aya ta takwas a Suratun Nisa'i ta yi umarni a ba dangi da marayu wani abu idan sun halarci rabo. Kaka yana da ikon yin wasiyya har sulusin dukiyarsa ga jikokin da ba za su gaje shi ba, abin da dattawanmu ba su cika yi ba saboda ganin rubuta wasiyya kamar kiran mutuwa ne. Masar ta mayar da wannan wasiyya wajibi a dokarta ta 1946, har ta ambaci ɗan da ya mutu tare da mahaifinsa. Ko malamanmu za su karɓi irin wannan ko ba za su karɓa ba, muhawara ce tasu, kuma a fili ya kamata a yi ta, da sunanta. Abin da bai dace ba shi ne a bar dokar yadda take, sannan a riƙa zagaye ta da sirinji.

Daren 15 ga Oktoba 2024, tankar mai ta kama da wuta a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, maƙwabciyar ƙasar Gumel, mutum fiye da ɗari da hamsin suka rasu. Wuta ba ta bar idon da za a tambaya ba. Duk da haka, a irin wannan musiba mamata kashi biyu ne a wurin mai rabon gado: waɗanda suka cika a wurin, da waɗanda suka cika a gadon asibiti bayan kwana ɗaya ko mako. Na biyun an san sun rayu bayan na farkon, don haka suna gadonsu. Abin da ya tabbatar da wannan ba wani sinadari ba ne, ma'aikaciyar jinya ce da ta duba agogo ta rubuta a fayil. A yawancin shari'o'in gado, biro da agogon hannu da direban da ya fara tsayawa a wurin haɗari sun fi ɗakin gwaje-gwaje amfani.

To ina ido zai yi aiki? A inda tazarar take da faɗi, kuma galibi wajen kuɓutar da wanda ake tuhuma. A ce an tsinci gawar manomi a bukkar gona ranar Asabar. An san sun yi cacar baki da wani a kan iyaka ranar Laraba, daga nan wancan ya bi motar shanu zuwa Kudu ranar Alhamis da yamma, shaidu sun gan shi. Gari ya riga ya yanke hukunci. Idan ruwan idon ya nuna mutuwar ba ta wuce yini guda ba, ko an bar mata duk sararin kuskuren da ake bari, ba za ta koma Laraba ba. Awon da ba zai iya nuna wanda ya yi ba, ya iya nuna wanda bai yi ba. Wannan ya yi daidai da ruhin shari'ar da Jigawa ta ƙaddamar a shekarar 2000, wadda a cikinta shakka take tunkuɗe haddi, kuma ba a zubar da jini sai da tabbaci. Shaida mai faɗin tazara ba ta isa ta rataye mutum ba, amma ta isa ta kwance shi.

Ruwan nan kuma ba lokaci kaɗai yake faɗa ba. Sukarin da ke cikinsa yakan ragu bayan mutuwa, don haka idan aka same shi da yawa ƙwarai, alama ce mai ƙarfi cewa ciwon sukari ne ya yi kisan. Yana nuna gazawar ƙoda, yana nuna ƙishirwa mai tsanani. Duk wanda ya zauna a garuruwanmu ya san abin da ke biyo bayan mutuwar fuju'a a gidan mata biyu. Kafin sadakar uku an fara raɗa, kafin ta bakwai an sa wa wata suna, kuma za ta ɗauki sunan har kabarinta, 'ya'yanta su gaje shi. Da yawa daga cikin waɗanda ake cewa an sa musu wani abu a fura, ciwon da ba a taɓa aunawa ba ne ya ɗauke su. Idan rabin cokali na ruwa zai iya wanke mace ɗaya daga wannan, ban ga alfarmar da aka kare ta hanyar hana shi ba.

Kada dai a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Janar Sani Abacha ya rasu ranar 8 ga Yuni 1998, aka rufe shi a Kano a ranar ba tare da binciken gawa ba, har yau ana ta zance. Cif Abiola ya rasu ranar 7 ga Yuli na shekarar, likitoci daga ƙasashen waje suka bincika suka ce ciwon zuciya ne, shi ma har yau ana ta zance. Inda ba a yarda da mai riƙe da takarda ba, takardar ba ta kashe jita-jita.

Na'urar da ake buƙata ba baƙuwa ba ce. Irin wadda ake auna gishirin jinin masu ciwon ƙoda ce, wadda manyan asibitoci kamar na Malam Aminu Kano suke aiki da ita kullum, sai dai ruwan ido yana da kauri, dole a tsinka shi kafin a zuba, kuma an saita na'urar ne don jini. Abin da ya fi na'ura wuya shi ne ma'auni. Ƙa'idojin Sturner da Madea da na Suwidin an gina su ne a ƙasashe masu sanyi, a kan gawawwakin da da yawansu sun kwana a firiji. Ɗauko su a ɗora wa gawar da ta yini a ɗakin kwano a Gagarawa daidai yake da auna gero da mudun wata kasuwa. Kafin wani likita ya tsaya gaban alƙali a Gumel da wannan shaida, sai an yi awo a nan, a kan mutanen da aka san sa'ar cikawarsu a asibiti, da yardar danginsu, a tara na bazara daban, na damina daban, na hunturu daban. Ma'ana sai wasu iyalai sun yarda a taɓa idon mamacinsu alhali su ba su da wata shari'a, don amfanin wani da ba su sani ba, wanda za a tuhuma bayan shekara goma. Wannan roƙo ba likita ne zai iya yin sa shi kaɗai ba. Sai limamin da zai sallaci gawar ya san da zancen, kuma fom ɗin da za a rubuta sakamakon ya kasance da gurbi biyu, na awa mafi kusa da na awa mafi nisa, ta yadda ba za a iya cike ɗaya a bar ɗaya ba.